Abin da Fenna Ta Gani a Jikin Azara

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗaki ɗaya da surukata Fenna ban san dalilin da ya hana ta ɗaga kai sama ba. Ni a zatona hayaƙi ne. Gidanmu na garin Kicherka ginin kakanni ne, dogo, na gungume, mutane a wannan gefe, shanu a wancan, rufi ɗaya, kuma ba shi da bututun hayaƙi. In an hura murhu da safe, hayaƙin sai ya taru a sama ya yi zamansa, kowa ya riƙa yawo a duƙe har a buɗe masa 'yar taga ya fita a lokacin da ya ga dama. To amma ko da rani, ana girki a waje, ɗaki fes, Fenna ba ta kallon rufi.

'Yar ƙaramar mace ce, mai saurin tafiya da saurin baki. Ba wanda ya kai ta iya cukun tumaki a kwarinmu, kuma in ta shiga daji neman naman kaza mai tsirowa a gindin itatuwa, wanda ya biyo bayanta ya yi asarar safiyarsa. An haife ta a 1904 a gangaren gari, gidan Hnat mai shanun noma. Wannan kalma ta gangare ita ce ta bi ta har tsufa.

Garinmu kashi biyu ne. 'Yan tudu suna cewa kakansu mahayin doki ne da ya ƙetaro duwatsu daga kudu da takardar sarki a ƙirjinsa. 'Yan gangare kuwa makiyaya ne da masu jan gishiri a keken shanu, ba su da wani labari sai na aiki. Dankali ɗaya ake ci, takalmin fata ɗaya ake sawa, ƙwarƙwata ma iri ɗaya ce. Bambancin kawai, ɗan tudu yana sa falmaran ko da taki yake kwasa, kuma a coci yana tsayawa gaba. Ni 'yar wani gari ce, don haka ina da damar in ce abin ya daɗe yana ba ni dariya.

Surukina Harasim ɗan tudu ne, na gidan Turyanski. Ya ga Fenna wajen yankan ciyawa, ya kafe sai ita. Uwarsa Tekla ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta kwanta ciwon ƙarya na sati biyu, duk a banza. Lahadi uku a jere fada ya tsaya a coci yana tambaya ko akwai wanda ya san wani jini tsakanin waɗannan biyun, don a wurinmu jini ba ya auren jini, ko da an yi nisa har an manta sunayen kakannin. Mutane suka yi ta murmushi. Wane jini ne zai haɗa tudu da gangare? Aka ɗaura aure a 1923, aka kawo Fenna da adakarta.

A tsakiyar ɗakin akwai babbar azara da ta ɗauki rufin gaba ɗaya, daga wannan bango zuwa wancan. Kunkunniyar shekaru ta rufe ta, baƙa wuluk har tana sheƙi. Tekla ta nuna wa amarya ita tun ranar farko.

Ta ce, "Kin ga wannan? Sunan kakanmu na nan a sassaƙe, da hatimin sarki. Ki wanke abin da kika ga dama a gidan nan, amma hannunki na gangare kada ya kai can."

Ita kanta Tekla ba ta taɓa ganin rubutun ba, haka ma uwar mijinta. Ji kawai ake yi.

Ana gab da Ista mata kan kankare bango da wuƙa da ruwan zafi, daga ƙasa zuwa inda baƙin ya fara. Fenna na da cikin wata huɗu a lokacin, kuma ta ƙoshi da gori. Ran nan da hantsi kowa ya tafi gona, ta kankare bango har ta kai iyaka, sai ta ce bari dai ta ga wannan hatimi da ake cin fuskarta da shi. Ta hau benci, ta kankare wuri kamar tafin hannu a ƙarshen azarar, daidai kusurwar da ke bayan murhu.

Ba hatimin sarki ta gani ba. Tsani ta gani mai hawa uku, da ɗigo a samansa.

Fenna ba ta iya karatu ba, amma wannan ba ta buƙatar a karanta mata. Kowane gida a gangare yana da alamarsa, kuma wannan ta gidan ubanta ce. Tana jikin karkiyar shanunsa, tana ƙotar gatarinsa, tana kan murfin adakar da ta zo da ita, wadda ke ajiye taku uku daga inda take tsaye. Mutum kuwa kayansa yake sa wa alama. Sai lissafin ya zo mata da kansa: wanda ya kafa gidan nan ɗan gidansu ne, shi ne kakan Harasim, ke nan ita da mijinta jini ɗaya ne, kuma ta tsaya a gaban Allah da fada ta yi shiru sau uku.

In ta faɗa, za a raba auren, abin da ke cikinta ya zama abin nunawa da baki. Kuma tana son mutumin, wannan ita ta faɗa mini da bakinta tana tsohuwa, ba kunya. Ta kwaɓa baƙin tukunya da kitsen rago ta shafe wurin, ta sauko ta ci gaba da wankin bango.

Ta haifi Ilko da kaka. Tari ya ɗauke shi yana wata biyar. Ta haifi Pazi, yarinyar ta fara tafiya, ta fara cewa Inna, ita ma tarin ya ɗauke ta kafin ta cika shekara biyu. A lokacin da wuya ka sami gidan da bai binne jariri ba, mata su yi kuka su ɗaura zani su koma gona. Amma Fenna ba ta sa nata a cikin na kowa ba. A wurinta hukunci ne, kuma ita ta jawo musu. Ba ta bi gawar ko ɗaya zuwa maƙabarta ba, aka ce baƙin ciki ne ya kwantar da ita. Bayan nan ma ba ta taɓa hawa wurin ba. In ranar tunawa da matattu ta zo, sai ta miƙa wa wani kyandir biyu ya kai, ta ce ƙafarta na ciwo, alhali jiya-jiyan nan ta hau dutsen da ya fi wancan tsawo neman naman kaza.

Na uku shi ne Luts, mijina, wanda ya rayu ya zama ƙato. Duk da haka har ya yi gemu in ya yi atishawa sai ta ajiye abin da ke hannunta. Yaƙi ya zo ya wuce, gwamnati ta canza sau nawa, aka kwashe shanu zuwa gonar gwamnati, Tekla ta mutu. Duk shekara kafin Ista Fenna takan faki ido ta hau benci ta duba wurin nan. Kullum sai ta tarar da shi a rufe ruf, har ya fi yadda ta bar shi. Sai ta ce ko hayaƙi ma yana rufa mata asiri.

Ni na shigo gidan a 1958, kuma tun watan farko na fara faɗan bututu. Gidaje sun fara yin murhu mai bututu, mata suna fita da fararen riguna, ni kuwa ko coci na je ƙaurin hayaƙi ke riga ni shiga. Amma yin bututu sai an taɓa rufi, taɓa rufi kuwa sai an taɓa azara. Fenna ta ce a kan gawarta. Baba Harasim, wanda ba ya musu da kowa, shi ma ya ce a bar gida yadda aka same shi. Na ɗauka taurin kan tsofaffi ne, na riƙa cika ina batsewa.

A bazarar 1969 wata malama ta zo daga birni, Oresta sunanta, da littafi da igiyar awo. Aikinta binciken asalin mutanen duwatsun nan. Ta zauna a bencinmu, na ba ta madara da dankali, ta buɗe littafi.

Ta ce, "Baba, ku 'yan ƙabilar Boyko daga ina kuka fito?"

Baba Harasim ya gyara falmaran. Ya ce, "'Yata, ai kin yi kuskuren gari. Boyko suna can gaba, bayan wancan dutsen."

"Can na fito, Baba. Su suka ce in zo nan."

"To ƙarya suke yi, sun saba. Mu mutanen tudu ne kawai."

Ta yi dariya, ta ce duk inda ta je haka ake turo ta gaba. Ta ce masana ma sun kasa shiryawa: wasu na cewa makiyaya ne suka hauro daga kudu da tumakinsu, wasu na cewa wata tsohuwar ƙabila ce da ke nan tun kafin a san sarakuna, wasu kuma na cewa duk an gauraya. Baba ya ce wanda ya ce kudu shi ne mai hankali a cikinsu, ya ba ta labarin mahayin doki tun daga farko, ya nuna azara da sandarsa. Idon malamar ya tsaya a kan azarar. Fenna kuwa ta tashi ta fita, wai za ta duba kaji.

Bayan wata ɗaya Oresta ta dawo da magana. Gidan adana kayan tarihi na birni yana son gidanmu ɗungurungum. Za a kwance shi gungume-gungume, a kai can a sake haɗa shi, mu kuma a taimaka mana mu gina sabo mai bututu da manyan tagogi. Za a kuma wanke azarar a karanta abin da ke jiki. Na kusa yin rawa a gaban baƙuwa.

Fenna ta ce a'a. Ba dalili, a'a kawai. Kwana uku muna abu ɗaya. A rana ta huɗu 'yata ƙarama ta tashi da tarin da ta sha fama da shi duk hunturu, raina ya ɓaci, na faɗi maganar da har yau in na tuna sai na ji nauyinta.

Na ce, "Inna, hayaƙin nan ne ya kashe miki 'ya'ya biyu. So kike ya haɗa da tawa?"

Ta dube ni, fuskarta ta yi fari fat. Na jira zagi, don ta iya shi. Ba ta zage ni ba. Ta dubi yarinyar ta daɗe, sannan ta ce, "A kwance shi." Baba Harasim ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ta, ya rufe.

Ranar da aka sauke azarar, rabin gari na tsakar gidanmu, tudu da gangare, don kowa na son ganin hatimin sarki. An riga an yi wa gungumen lamba da alli an jera su. Maza takwas suka sauko da azarar suka ɗora ta a kan duwatsu biyu, da rana tsaka. Fenna ta fito da farin kallabi da rigar da ta ajiye don ranar binne ta. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta kama wuyan hannuna.

Ta ce a hankali, "Darka, yau za ki san wace ce surukarki. Abin da duk aka ce, ki tuna Luts bai san komai ba."

Ban gane ba. Na dai ji hannunta sanyi ƙalau, kuma riƙon ya yi mini zafi.

Oresta ta fara daga ƙarshen da ke wajen ƙofa, da ruwan ɗumi da 'yar itaciya, kamar mai yi wa jariri wanka. Gicciye ya fara fitowa, sai fure mai kunne shida, sai baƙaƙen rubutun coci na da. Ta ce ba za ta karanta ba sai ta gama duka. Mutane suka yi ta tsokanar juna. Wani ɗan gangare ya ce, "Kawu Harasim, in dokin ya fito a ba ni aronsa in yi huɗa." Baba kuwa gumi kawai yake yi.

Da Oresta ta kai ɗaya ƙarshen sai ta tsaya, ta shinshina yatsanta.

Ta ce, "Ikon Allah. Nan ba kunkunniya ce kaɗai ba. Wani ya daɗe yana shafa wa wurin nan kitse."

Ta kankare. Tsanin ya fito, hawa uku da ɗigo, fes kamar jiya aka sassaƙa. Wata tsohuwa daga gangare ta ɗaga murya, "Kai! Wannan ai tsanin gidan Hnat ne! Me ya kawo shi tudu?" Fenna ta sunkuyar da kai, ta rufe ido.

Oresta ba ta san abin da ake ciki ba. Ta goge hannu, ta bi rubutun da yatsa tana karantawa da ƙarfi: "Da yardar Allah aka kafa wannan gida a shekara ta 1834, domin Senko Turyanski, wanda ya sauko daga Kan Rafi bayan ruwa ya cinye gidansa. Prokip masassaƙi na gangare ne ya sassaƙa." Ta ɗora yatsa a kan tsanin ta ce, "Ga alamar masassaƙin nan."

Dariya ta ɓarke. Kan Rafi fa, ga shi can ana hango shi, tafiyar da ba ta kai a gama shan lofe ba. "Ashe dokin bai sha wahala ba!" in ji wani. Oresta ta rufe littafinta a sanyaye, don ta zo neman asalin al'umma guda ta sami labarin ambaliya.

Fenna ta saki hannuna ta matsa gaba.

"'Yata, sake faɗa. Alamar wa?"

"Ta masassaƙi, Inna. Wanda ya yi aikin."

"Ba ta mai gida ba?"

"A'a. Mai gida ga sunansa can, Senko. Masassaƙa haka suke yi, in sun gama su sa alamarsu a ƙarshe. Na ga irin haka a gidaje da yawa."

"Ke nan shi Prokip ɗin aiki ya zo yi? Ya yi ya koma gidansu? Ba ɗan'uwan Senko ba ne?"

"Ba abin da ya nuna haka, Inna. Ɗaya na tudu, ɗaya na gangare, ga shi a rubuce."

Sai Fenna ta zauna daɓas a ƙasa, cikin rigar binnewarta, a kan ɓawon itace da toka. Ta ce, "Gizago. Akwai wani tsohon gizago a rufin ɗakin babana, ba wanda ya san na wa ne. Ashe kakanmu masassaƙi ne." Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa. Ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba sai ran nan. A nan zaune, gaban tudu da gangare, ta faɗi duk abin da na ba ku labari, tun daga benci har kyandir. Ba wanda ya ƙara yin dariya. Luts ya durƙusa ya riƙe kafaɗarta, ƙaton mutum yana share hanci da hannun riga.

Baba Harasim ya tako da sandarsa ya tsaya a kanta.

Ya ce, "Ashe ke ce kika kankare?"

Ta ɗaga kai. "Ka sani?"

"Tun shekarar. Na hau rataye albasa na ga wurin ya yi dabam, na goge na ga tsanin da ke kan adakarki. Na ce shi ke nan, gidan na mutanenki ne, kakannina ƙwace suka yi, ko kuma zaman aro muke yi da falmaran ɗinmu. Na ce in kika ji, da wane ido zan dube ki bayan gorin da Inna ta yi miki? Duk kaka nakan hau in ƙara shafawa."

"Da me?"

"Da man keke."

"Shi ya sa! Ni ina shafa kitsen rago mai kyau, in dawo in tarar yana warin keken shanu!" Ta kai wa ƙafarsa duka da tafin hannu. "Tsohon banza, shekara arba'in da biyar! Ba ka da baki ne?"

"Ke naki bakin ina ya je? Kin iya faɗa a kan kaza ta shiga lambu."

Daga baya ya gyara murya ya gaya wa Oresta ta rubuta cewa dokin tun kafin Kan Rafi ne, ruwa ne ya tafi da takardar. Ta rubuta, don ta ga yana buƙata.

Ni kuwa kunya ta hana ni matsowa. Sai da mutane suka fara watsewa na je na durƙusa, na ce, "Inna, ki yafe mini maganar da na faɗa ran nan." Ta kama fuskata da hannu biyu, hannun duk toka.

Ta ce, "Wace? Ta hayaƙi? Ai ba a taɓa gaya mini magana mai daɗinta ba, ban dai yarda ba ne a lokacin. Hayaƙi ne, Darka. Hayaƙi ne da sanyi, irin na kowa."

Ta tashi ta kakkaɓe riga, ta buɗe adakarta da ke ajiye a tsakar gida cikin sauran kaya, ta ɗauko kyandir biyu. Ba ta miƙa wa kowa ba. Ta nufi hanyar maƙabarta da saurin nan nata, rana na dukan farin kallabin, ni da Baba muna bin ta a baya yana haki.

Da ta shiga sai ta tsaya cak a cikin ciyawa, tana duban ƙananan gicciyen da suka cika gefen katanga. Sun yi yawa, kuma ba ta san nata ba. Baba ya ƙaraso, ya kama gefen rigarta, ya ja ta zuwa wasu guda biyu a gindin tuffa, inda ciyawar take a yanke tas, don shi yake yanke ta duk shekara.

Ya ce, "Ga Ilko. Ga Pazi."

Ta durƙusa a tsakaninsu, ta ɗora hannu ɗaya a kan kowanne.

Ta ce, "Ni ce, Innarku. Na daɗe ban zo ba."